Yadda Ake Duba Motar Alfarma ta Hannu Kafin a Biya Kuɗi

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa ita ce yadda mutum zai gane lafiyar Mercedes, BMW, Audi, Range Rover ko Porsche da aka shigo da ita ta hannu, tun kafin kuɗinsa su bar aljihunsa. Dubawar da aka saba yi wa mota, wato a buɗe bonet, a saurari inji, a leƙa salansa a ga ko tana hayaƙi, ba ta wadatar da irin waɗannan motoci, domin kowacce tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa da ke sarrafa inji, giya, birki, ƙafa, fitilu har da kujeru, kuma mafi tsadar lalacewarta ba a jin ta da kunne. Abin da ya fi muhimmanci a aikin shi ne jerin matakan: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bar mai wahala zuwa ƙarshe, kuma kada a bayar da kafin alƙalami sai an gama duka.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar tocila mai haske sosai, ma'aunin kaurin fenti, mitar auna wutar batir, awon tela, farin tsumma, da na'urar karanta kwamfutar mota. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya, irin ELM327, ba ta wuce dala ashirin ba, amma inji kaɗai take gani. Wadda ake buƙata a nan ita ce mai shiga kowace ƙwaƙwalwa ta motar: XENTRY ga Mercedes, ISTA ga BMW, ODIS ko VCDS ga Audi, PIWIS ga Porsche, Techstream ga Lexus, ko kuma babbar na'urar Autel ko Launch da ta san wannan samfurin. Ba sai ka saya ba. Ka ɗauki mai gyaran wuta da ke da ita ka biya shi ladan yini. Sharaɗi ɗaya ne, ya zama naka ne kai ka kawo, ba wanda dillali ya nuna maka ba.

1. Lambar shasi

Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu I, O ko Q a cikinta. Ka karanta ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da inda aka buga ta a ƙarfen motar, sannan ka gwada su da ta takardu harafi bayan harafi. Ukun farko suna faɗin maƙera: WDD ko W1K Mercedes ce ta Jamus, 4JG Mercedes ce da aka haɗa a Alabama, WBA BMW, 5UX BMW ƙirar X daga Karolina ta Kudu, WAU Audi, WP0 Porsche, SAL Land Rover. A motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekarar samfuri: A na 2010 ne, E na 2014, H na 2017, J na 2018, L na 2020. Da wannan kaɗai ake kama motar 2012 da aka sauya wa fitilu da bamba aka kira ta 2016.

Gargaɗi: Mercedes da BMW da aka ƙera don Turai ba sa bin wannan tsari na harafi na goma, don haka kada ka yanke musu hukunci da shi.

2. Tarihi da takardu

Ka rubuta lambar a Google tun kafin ka je wurin motar. Mai yawa daga cikin motocin da ke zuwa daga Amurka sun bi ta gwanjon Copart ko IAA, kuma hotunansu na ranar gwanjo sukan fito, da raunin da suka ji da adadin mil ɗin da ke kan agogo a lokacin. Bayan haka ka sayi rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck, ka duba ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa motar ta tashi daga aiki saboda haɗari ko ambaliya. Shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci da hanyoyi ta Amurka, kuma yana nuna, kyauta, ko akwai gyaran da kamfani ya kira a yi ba a yi ba, kamar jakar iska ta Takata da aka janye daga miliyoyin motoci.

Motar da ta yi haɗari ba lallai a guje ta ba. Wadda aka buge ta a bamba ko ƙofa, aka gyara da kyau, aka kuma rage mata kuɗi, ana iya saye. Abin gudu shi ne wadda hoto ya nuna jakunkunan iska sun fashe, ko taya ta shige ciki, ko layin ruwa a jikin kujeru. Takardar biyan kuɗin kwastam kuwa ka kai ta ofishin kwastam da kanka a tabbatar maka, ka kuma ga cewa lambar shasin da ke kanta ita ce ta motar.

3. Jiki da fenti

Ka duba motar da rana, a wanke, a busasshe. Ka tsaya a kusurwa ka bi gefenta da ido, ka lura da tazarar da ke tsakanin bonet da fenda, da tsakanin ƙofofi. Ta kamfani daidai take daga sama har ƙasa. Sai ka ɗora ma'aunin fenti a wurare uku ko huɗu na kowane ɓangare, ka fara da rufi domin shi ne ya fi tsira daga masu fenti. Fentin kamfani yakan kasance tsakanin maikiron 80 zuwa 180. Idan ƙofa ɗaya ta nuna ninkin na sauran, an sake fesa ta. Idan ta haura 500, akwai ƙwaɓin bodi a ƙarƙashi. Ka duba kan kusoshin da suka riƙe fenda da bonet, domin sifana tana barin tabo a fentinsu idan an taɓa kwancewa.

Gargaɗi: dabarar manna maganaɗisu ba ta aiki a nan. Range Rover daga samfurin 2013, da Audi A8, jikinsu alminiyam ne, haka ma ɓangarori da dama na Mercedes C-Class daga 2015. Ka tabbata ma'auninka yana karanta alminiyam, ka kuma sani cewa gyaran irin wannan jiki ya fi ƙarfin mai bugun bodi na yau da kullum.

4. Alamun ambaliya

Wannan mataki ba ya ɗaukar minti goma, amma shi ne ya fi ceton kuɗi. Guguwa irin Harvey ta 2017 da Ian ta 2022 sun nutsar da ɗimbin motoci a Amurka, kuma irinsu sukan ƙare a gwanjo. Ka rufe gilasai na ɗan lokaci, ka buɗe ƙofa ka shinshina. Warin rima ko turare mai yawa fiye da kima abin tuhuma ne. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka nemi layin datti. Ka haska ƙarƙashin kujeru ka duba tsatsa a dogon da kujera ke gudu a kai, ka ɗaga shimfiɗar but ka leƙa ramin da batir ko taya ke zama. Ka sa mai wuta ya zare soket ɗaya ko biyu na ƙasan kafet: idan ƙarafunan ciki sun yi kore ko fari-fari kamar gishiri, ruwa ya kwana a wurin. A waɗannan motoci akwai ƙwaƙwalwa da tarin wayoyi a ƙasan kafet da cikin but, kuma tsatsa tana cin su a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, bayan wata biyu giya ta maƙale. Irin wannan mota ba ta da farashin da ya dace; a bar ta kawai.

5. Tayar da inji da sanyi

Ka yi alƙawari da mai mota cewa kada a tayar da ita kafin ka iso, ka kuma zo da sassafe. Ka taɓa injin da hannu. Idan da ɗumi, ka ɗaga dubawar zuwa gobe, domin yawancin ƙarar da ke tona asirin inji a daƙiƙun farko take fitowa. Kafin a tayar, ka auna batir: mai lafiya yana kusa da bolt 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12.2 kuwa ya yi rauni, kuma raunin batir kaɗai yana iya cika kwamfutar motar da kurakuran ƙarya.

Ka kunna wuta ba tare da tayar da inji ba, ka ƙirga fitilun dashbod. Dole fitilar inji, ta jakar iska da ta ABS su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko an kashe ta ne ko an rufe ta daga ciki. Sai wani ya tayar, kai kana tsaye gaban bonet. Ƙarar ƙarfe mai kama da jan sarƙa da ta wuce daƙiƙa biyu ko uku tana nuna sarƙar tayimin ko abin da ke ɗaure ta ya gaji. Injin N20 na BMW, wanda ke cikin 328i da 528i na wajen 2012 zuwa 2015, an san shi da karyewar robar da sarƙar ke bi, kuma yakan yi wani siririn kuka kafin hakan. Injin M272 na Mercedes, mai silinda shida, na shekarun farko har zuwa wajen 2008, yana da matsalar cinyewar haƙoran sandar daidaita girgiza, gyaran da sai an sauke inji. Injin N63 mai silinda takwas na BMW da 2.0 TFSI na Audi na wajen 2009 zuwa 2011 an san su da shan baƙin mai. Porsche 911 da Boxster na 1997 zuwa 2008 kuwa, sai ka tambayi ko an sauya boris ɗin IMS, wato na sandar tsakiya da ke juya sarƙoƙin tayimin, ka kuma nemi shaidar hakan a rubuce.

Ka koma baya ka dubi salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, daga turbo ko daga cikin inji. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne. Baƙi kuma mai ne ya yi yawa. Yawancin BMW na zamani ba su da sandar auna baƙin mai, sai ta allon dashbod bayan inji ya yi zafi a wuri mai daidai, don haka kada ka manta da wannan awon daga baya.

Gargaɗi: idan fankar lagireto ta tashi da ƙarfi tun inji yana da sanyi, wataƙila an haɗa ta kai tsaye ko an cire tamostat, aikin da wasu garejinmu ke yi da sunan maganin zafi. Waɗannan injuna an ƙera su ne su yi aiki a kusan digiri 90 zuwa 105, kuma wanda aka hana kaiwa can yana shan mai yana cinye kansa. Kada kuma a buɗe murfin ruwa inji yana da zafi.

6. Karatun kwamfuta

Soket ɗin OBD mai baki 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Ka sa a yi cikakken karatu na kowace ƙwaƙwalwa, a ajiye sakamakon a hoto ko takarda, kuma kada a goge komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai na'ura ya danna gogewa don ya nuna gwaninta, alhali abin da ya goge shi ne shaidar da ka biya shi ya nemo.

Abu na farko da za ka nema shi ne ko wani ya riga ka gogewa. A shafin da ake kira I/M Readiness akwai jerin gwaje-gwajen da inji ke yi wa kansa yayin tafiya. Duk lokacin da aka goge kurakurai ko aka cire batir, sai su koma ba a kammala ba, kuma suna buƙatar tafiya mai ɗan tsawo kafin su cika. Motar da ba ta nuna kuskure ko ɗaya, amma gwaje-gwajenta ba su kammala ba, ba mai lafiya ba ce tukuna, wadda ba a san halinta ba ce. Na'urori da yawa suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Motar da ta sauka daga jirgin ruwa da mataccen batir za ta nuna haka ba tare da mugun nufi ba, amma maganin ɗaya ne, a yi tafiya mai tsawo a sake karantawa.

Cikin lambobin da ke fitowa, P0016 da P0017 suna nuni ga tayimin, P0299 turbo ne ba ya hura iska yadda ya kamata, P0300 zuwa P0308 silinda ce ke tsallake wuta, P0420 da P0430 kuma matatar hayaƙi ce, wadda makanikai ke kira indomi, ta mutu ko an fasa an kwashe cikinta. Ka duba gyaran mai na dogon lokaci da ƙwaƙwalwa ke yi, wato yadda take ƙara ko rage man da ke shiga inji. Idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, akwai iska da ke shiga ta inda bai kamata ba, ko nozul ko sensa ya gaji.

Sai maganar kilomita. Agogon dashbod ba shi kaɗai ke riƙe adadin ba. Makunnin mota, ƙwaƙwalwar giya da tarihin sabis sukan ajiye nasu, kuma kowane tsohon kuskure yana ɗauke da kilomitar da ya faru a kai. Idan dashbod ya ce 90,000 amma wani kuskure ya faru a 170,000, magana ta ƙare. Ka tuna mil ɗaya kilomita 1.6 ce, kada a karanta maka mil a matsayin kilomita. A Porsche akwai ƙarin abu: ƙwaƙwalwar inji tana rubuta awannin da ya yi yana aiki, da duk lokacin da aka wuce iyakar juyawarsa, a hawa shida daga samfurin 911 da ake kira 997 zuwa sama. Hawa na 1 da na 2 ba abin damuwa ba ne ga motar gudu, amma na 4 zuwa 6 suna nuna an taɓa jefa giyar ƙasa a kan gudu, kuma injin ya ji jiki.

Gargaɗi: jakar iska da ta fashe ana iya cusa tsumma a gurbinta a sa ɗan ƙaramin resista a soket, kwamfuta ta ga kamar lafiya. Shi ya sa hotunan gwanjo suke da muhimmanci, tare da duba murfin sitiyari da dashbod ko an ɗinke ko an manne su.

7. Gwajin hanya

Zagayen layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka nemi aƙalla rabin awa, da cunkoso da buɗaɗɗiyar hanya da wuri mai gargada, rediyo a kashe. A tsaye, ƙafa kan birki, ka sauya daga P zuwa R zuwa D. Bugu mai ƙarfi ko jinkiri yana nuna giya ko kujerun inji. Ka tashi a hankali ka ji sauyin giya ɗaya bayan ɗaya, sannan a inda hanya ta ba da dama ka taka totur sosai. Idan mota ta ja sannan ƙarfinta ya yanke, fitila ta kama, ƙwaƙwalwa ce ta rage wa inji ƙarfi don ta kare shi, kuma dalilin zai fito a karatu na biyu. Giya mai kuloci biyu, wato PDK ta Porsche da S tronic ta Audi, takan ɗan yi jinkiri a tafiyar cunkoso, wannan halinta ne. Girgiza mai ƙarfi wajen tashi kuwa kuloci ne ya ƙare. Ka tambayi yaushe aka sauya man giya. Ana cewa na har abada ne, amma kamfanin ZF, mai ƙera giya takwas da ke cikin BMW, Audi da Range Rover, yana ba da shawarar a sauya shi.

A mota mai jan ƙafa huɗu, 4MATIC ko xDrive ko quattro, ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali. Tsalle-tsalle ko ƙara daga ƙasa na nuni ga akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ka gwada kowane maɓalli: esi, kyamarori, rufin gilashi, kujeru, Sport da Comfort, da na'urar kiyaye tazara. Radar ɗinta tana bayan tambari ko cikin bamba, kyamararta kuma a bayan gilashin gaba, kuma idan an sauya ɗayansu ba a saita ba, saƙon kuskure zai fito. Da ka dawo, kada a kashe inji sai an sake karanta kwamfuta an gwada da na farko.

8. Ƙasan mota

A ɗaga ta a gareji ko a hau da ita rami, a cire murfin robar ƙasa, domin yana tare ɗigon mai ya ɓoye shi. Ka nemi jiƙar mai a gindin inji, giya da bututun turbo, da alamar walda ko lanƙwasa a ƙarfen shasi. Inji da aka wanke fes a ƙasa ya fi mai ƙura ban tsoro. Idan ƙafar motar ta iska ce, kamar AIRMATIC ta Mercedes ko ta Range Rover, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a kusurwa huɗu da yamma, ka sake aunawa da safe kafin a buɗe ƙofa. Kusurwar da ta sauka balan ɗinta yana yoyo, kuma kwamfaresa ce za ta biyo baya; kowace ƙafa ɗaya ɗaruruwan daloli ce, ta asali ma takan haura dubu.

A jikin taya, alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar da ta fara da DOT su ne mako da shekara, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida ka lissafa ta cikin abin da za ka sauya. Ka tabbata girmansu ya dace da abin da ke rubuce a jikin ƙofa, domin tayoyi masu bambancin girma suna kashe akwatin raba ƙarfi. Faifan birki mai launin toka, wanda a Porsche yakan zo da kalifa ruwan ɗorawa, na kabon da tangaran ne. Yana daɗewa, amma ɗaya ya kai dubban daloli, don haka a duba tsagewa da ɓantarewa a bakinsa da kyau.

9. Lissafi kafin biya

Ka rubuta duk abin da aka gano, ka kira masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa, Fanteka, Apo ko Ladipo ka ji farashin ranar, domin yana tafiya da dala, sannan ka cire jimlar daga kuɗin da aka yanka. Ka ƙara da abin da za ka yi ko da motar lafiya take: baƙin mai mai lambar amincewar kamfani, MB 229.5 ga Mercedes, LL-01 ga BMW, A40 ga Porsche, da matatun iska da fulogi. Idan batir za a sauya, a sa irin AGM inda shi motar ta zo da shi, a BMW kuma dole a shigar da sabon a kwamfuta, in ba haka ba za a ci gaba da cajinsa kamar tsoho ya mutu da wuri. Ka nemi makulli biyu, ka gwada kowanne, musamman a Mercedes daga wajen 2015, wadda sabon makullinta sai ta hannun wakilin kamfani. A takardar ciniki a rubuta lambar shasi cikakkiya, adadin kilomita da sunan mai sayarwa kamar yadda yake a katin shaidarsa, a sa shaidu biyu, a kuma biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da wannan sunan.